Baba Kunne da Tsuwwar da Bai Ji Ba

Ƙarfe bakwai da rabi yake isa ofis, kafin mai shara ta gama goge tebura. Ya rataye jakarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya kunna kwamfuta, ya buɗe akwatin ƙorafi. Shekara goma sha tara ya yi yana haka a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon fenti, inda ake haɗa manhajar kiɗa. Irin manhajar nan ce da makaɗi zai danna maɓalli ta ba shi sarewa, ko ganga, ko wani sautin da babu kayan kiɗan da ya taɓa yin sa. Matasan ofishin su ne masu rubuta ta. Shi kuwa aikinsa saurare. Duk ƙorafin da mai amfani da manhajar ya aiko, ta teburinsa yake bi, kuma babu sabon zubin manhajar da ake saki sai ya saurara ya sa hannu. Shi ya sa suke kiran sa Baba Kunne.

Ni gyaran lasifika da wayoyi ke kai ni ofishin, a nan na san shi. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani waɗanda suka gani ne suka ba ni.

Tambayarsa ta farko ga kowane mai ƙorafi ita ce, "Da me kake saurare?" Yana da durowa cike da tarkace: tsohuwar rediyo, waya mai fasasshen gilashi, lasifikar mota da ni na ciro masa. Ya ce mai ƙorafi ba a ɗakin gwajinsu yake zaune ba, don haka da irin abin da mutum ya ji matsalar, da shi za a neme ta. Wani ya taɓa rubuto musu layi ɗaya: "Manhajarku shara ce." Matasan suka ce a goge. Baba Kunne ya amsa masa: "Mun gode. Ta wane ɓangaren ta fi wari?" Mutumin ya aiko shafi uku, kuma rabin abin da ya faɗa gaskiya ne. Da wani makaho mai kiɗa ya ce ba ya iya gane maɓallan, Baba Kunne ya lulluɓe allon kwamfutarsa da tawul, ya yi mako guda yana lalube, sai da ya sa aka gyara kowane maɓalli yana faɗin sunansa.

Akwai wani ɓangaren aikin da ba a magana a kansa. Manhajar da ba a gama ba takan yi ɓari. Kana saurare lafiya lau, sai ta kwarara maka ƙara a kunne kamar an tsaga kwano. Shi yake fara sa hedifon kafin kowa. Sau nawa na ga ya fizge shi ya jefar, ya dafe kai, ya ce, "Kai, wannan ta yi fushi," ya kurɓi shayi, ya sake ɗauka.

Bara wata mata mai haɗa kiɗan shirye-shiryen rediyo ta rubuto. Ta ce a sautin sarewa, bayan an saki maɓalli, akwai wata tsuwwa siririya da ke sa mata ciwon kai. Baba Kunne ya saurari abin da ta aiko ya fi sau talatin, da kowane tarkace na durowarsa. Bai ji komai ba. Manaja, ɗan mai kamfanin, ya leƙo ya ce, "Baba, in kai ba ka ji ba ai babu shi. Rufe kawai, matar nan kunnenta ke mata kuka."

Bai rufe ba. Ya tafi da sautin gida. Da yamma 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta biyo gaishe su, ya kunna a falo ba tare da ya ce komai ba. Ta toshe kunne ɗaya.

"Baba, don Allah kashe. Mene ne wannan kamar sauro ya shiga kwalba?"

"Kin ji wani abu?"

"Kai ba ka ji ba?"

Ya kashe sautin. Washegari ta kai shi awon kunne. Likita ya ce magana yana jin ta sarai, amma sautukan da suka fi siranta sun tafi, kuma sun jima da tafiya. Shekara biyu, ko fiye.

A nan ne al'amarin ya daɗe yana cina. Da Baba Kunne ya buɗe zanen sautin a allo ya ja shi can sama, ya ga tsuwwar da idonsa, layi ne siriri miƙe. Gyaran rabin yini ne. Yana iya miƙa wa matasan, a gyara, a gode masa, ba wanda zai san ba da kunne ya gano ba. Haka matarsa ta ce masa, kuma ita da bakinta ta ba ni labarin, har yanzu ranta a ɓace.

"Malam, ka gyara ka ja bakinka. Wa ya tambaye ka?"

"Zubi uku na sa wa hannu da wannan kunnen."

"To sai me? Wani ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Amma sun ɗauka an saurara, kuma ba a saurara ba."

"Ni dai na gaya maka. Yaron nan, manajanku, ba kamar ubansa ba ne. Ka buɗe baki, ka buɗe wa kanka ƙofa."

Ya shiga ofishin manaja da takardar likita. Ya ce a sake sauraren duk abin da ya wuce ta hannunsa cikin shekara biyu, a sa matasa masu lafiyayyen kunne, shi zai zauna kusa da su ya nuna musu inda matsala ke ɓuya. Aka yi. Aka sami wasu kurakurai huɗu. Kamfani ya fitar da sanarwa cewa tawagarsa, saboda tsananin kula, ta gano ta kuma gyara. Bayan wata biyu manaja ya kira shi ya ce, "Baba, ka yi mana ƙoƙari. Lokaci ya yi da za ka huta."

A walimar sallama suka ba shi kyauta a kwali mai kyalli. Hedifon ne, mai tsada. Matarsa ta dube shi, ta dubi manaja, ta ce, "Sannunku da tunani." Baba Kunne ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya tashi ya yi godiya.

Na juya maganar nan ta kowace fuska, kuma ba zan ce manajan mugu ne ba. Kamfanin sauti yana buƙatar kunnen da ke ji. Amma a ina kunnen ya ƙare? A ɗakin gwajinsu ya ƙare, ɓari bayan ɓari. Kuma abin da ya ceci manhajarsu a ƙarshe ba jin Baba Kunne ba ne, tun da jin ya riga ya tafi. Yarda ce da ya yi da maganar baƙuwa a kan nasa kunnen. Mai wannan halin yana hannunsu, suka sallame shi. Tebur ɗaya a kusurwa ya ishe shi ya ci gaba da karanta ƙorafi.

Baba Kunne, kai ne ka ɗauki shaidar wadda ba ka taɓa gani ba, ka kafa ta a kan kanka. Kai ne ka rubuta wa matar nan mai ƙorafi wasiƙar ƙarshe daga teburinka: "Kin yi gaskiya, tsuwwar tana nan. Ni ne ban ji ba. Ki yi haƙuri da jinkirin." Har yau ba ta san abin da wannan layi ya ci maka ba. Ta aiko da hoton babban yatsa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne darasin da ofishin ya ɗauka. Makon jiya na je gyaran wata lasifika, na ga ɗaya daga cikin matasan yana karkata kai yana saurare da kunnen dama kaɗai. Na ce masa ya je a duba shi. Ya waiga ya ga ba kowa, ya ce, "Kawu, rufa min asiri. Ka ga yadda aka yi da Baba."

Don haka nake wannan rubutu. Na gode maka, Baba Kunne, a madadin makaɗan da ba su san da kai ba, Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka sauran jin da ya rage. Ku kuma masu aiki irin nasa, in wani ya ce yana jin abin da ba ku ji, kada ku rufe masa ƙofa, ku fara tuhumar kunnenku. Ba zan yi muku alkawarin za a gode muku ba, kun ga yadda ta kaya. Ku dai yi. Ku kuwa masu kamfani, ranar da ma'aikaci ya shigo da takardar likita a hannu don ya faɗa muku gaskiya a kan kansa, ku sani sauran suna leƙe ta gilashi, kuma abin da kuka yi masa shi zai yanke ko akwai wanda zai sake shigowa.