Ruwan Butar Baffa

Warin ɗanyar fata a kasuwar Kankiya ya tuna mini da Baffa, wan mahaifina. Kowa aka kawo ƙara, cewa yake, "A ji ta bakinsa tukuna."

Zamanin Turawa aka ce ni na ƙona rumbu a Dudunni. Dogarai suka ɗaure ni a rana da jiƙaƙƙiyar igiyar fata, tana bushewa tana cin nama. Baffa ya ce a ji ta bakina, suka fasa nasa da bulala. Ya tsugunna, jini na bin gemunsa, yana jiƙa igiyar da ruwan butarsa.

Ba wanda ya tambaye ni komai. Na fito daga kurkuku na iske kabarinsa.

Allah Ka sassauta masa kamar yadda ya sassauta mini.