Damin da Baba ya yafe

Shekara biyu bayan an sauke tutar Nasara, wato Turawa, an ɗaga tamu, a daminar da ruwa ya rufta rijiyar garinmu, aka raba mu da gonar gawo. Garinmu ƙarami ne, kusa da Maijirgi. Lokacin ina da mata da ɗiya guda, ina noma tare da Baba a gandu.

Gonar gawo ita ce ta nesa, jigawa mai itacen gawo uku a tsakiya. Kakana ya sare ta. Hannunmu bai isa gare ta ba, sai Baba ya ba da aronta ga wani baƙo da ya gangaro daga wajen Issawane bayan dabbobinsa sun ƙare. A wurinmu aron gona ba ya da takarda. Duk kaka mai aro zai ɗauko damin gero guda a kai, ya ratsa gari da rana tsaka, ya ajiye a ƙofar mai gona. Ba don geron ake yi ba. Don idon mutane ne, kowa ya tuna gonar ta wane ce.

Shekara shida baƙon yana kawowa. A ta bakwai tsutsa ta ci hatsi. Baba ya tare shi a bakin gari da damin a kai, ya ce masa, "Koma da shi, iyalinka sun fi ni bukata." Da shekara ta zagayo bai kawo ba, Baba kuma ya ji nauyin tambaya. Ta uku ma haka.

Sai gyaɗa ta yi daraja. Jigawar da ba a waiwaya ta zama abin rububi. Wata safiya muka ji baƙon ya sayar wa wani attajiri mai kamiyo, babbar motar kaya, gonarmu. Mai gari ya tara dattawa, kowa ya ce gona ta Baba ce. Attajirin bai yi gardama ba, ya dai kai ƙara kotu a birni.

Mun tafi da farin ciki, wallahi. An ce alƙalin ɗan ƙasa ne, Hausa yake ji, ba sai da tafinta ba. Baba yana ta faɗi a hanya cewa yanzu namu ne ke shari'a. Dattawa biyar suka bi mu don shaida. A gindin dogon yaro aka bar su, har aka tashi ba a kira ko ɗaya ba.

Alƙali ya dubi Baba ta saman tabarau.

"Tsoho, yaushe rabonka da karɓar dami?"

"Shekara uku, ranka ya daɗe. Ni na ce ya bari, saboda tsutsa..."

"Ban tambaye ka labarin tsutsa ba. Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

"Ban karɓa ba."

"To mai gona ba ya barin daminsa shekara uku. A kawo takarda."

Wannan mutum ɗan manomi ne kamar ni. Ya san abin da Baba ya yi, ya san sunansa tausayi. Da saninsa ya juya shi. Gardin kotu ya kama babban yatsan Baba ya dangwala a kan takardar da ba wanda ya karanta mana.

Da kaka ta zo muka ga dalili. Ƙanen matar alƙali ne ya zo ya tsaya a kan masu cirar gyaɗa a gabashin gonar. Buhunan wannan ɓangaren gidan alƙali kamiyo ta kai su, da rana, ba ɓoyo. Direban da bakinsa ya faɗa a kasuwar Maijirgi, yana dariya.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Gida bakwai muka haɗu, kowa da irin tasa, muka sa mai rubuta wasiƙu ya rubuta kuka zuwa ga manyan da ke bisa alƙalai. Aka buga hatimi, aka ce an buɗe mana dosiye, wato an tara takardunmu wuri guda za a yi bincike.

Daga nan duk shekara, in an gama ɗaurin hatsi, ni da Baba sai mu ɗaura wa jaki guzuri mu tafi jin labari. Sakataren biro, ofishin da muka kai kukan, ya san mu tun daga nesa.

"Ah, ga tsohon dami! Baba, dosiyenka yana barci, kada ka tashe shi."

"Ɗana, barcin nan nasa ya yi yawa. Ka taɓa shi ka ji ko da rai."

"Ya tafi sama. Ka dawo baɗi."

A shekara ta biyar aka aiko mai bincike. Ya zauna a zauren mai gari, ya saurari dattawan nan, uku da suka rage. Ya je gonar, ya ga gawo, ya girgiza kai, ya cika takarda. Muka yanka masa kaza. Bayan wata kaɗan muka ji an ɗauke alƙali. Mata suka yi guɗa a gidanmu. Sai daga baya muka gane babban gari aka mayar da shi, kujera ta fi ta da. Ƙanen matarsa bai fasa zuwa cirar gyaɗa ba.

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya sheda. Amma har yau in na tuna guɗar nan sai haƙurin ya ƙare mini. Ɓarawon akuya a kasuwa, kafin la'asar an gama da shi. Wanda ya saci gona da alƙalami, shekara biyar ana neman kujerar da za a zauna a yi maganarsa.

Sauran gidajen nan shida suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Baba bai janye ba. A shekara ta tara, farkon fari, ƙafa ta hana shi tafiya, na je ni kaɗai. Da na dawo yana kwance, ya ɗaga kai ya ce, "Ya farka?" Na ce saura kaɗan. Ƙarya na yi masa. Bai kai damina ba.

Ranar sadakar bakwai sai ga baƙon nan, ya tsufa, da ɗan damin gero a kai, a shekarar da gero ya fi zinariya. Ya ratsa gari ya ajiye a ƙofarmu, yana kuka. Na ce masa, "Kawu, ka yi ɓatan ƙofa. Ɗauki ka kai wa mai gona." Na san Baba ba zai faɗi haka ba. Ban yi nadama ba.

A shekara ta goma sha ɗaya takarda ta zo. Malamin lakkol, makarantar boko, ya karanta mini. An samu alƙali da laifi. An dakatar da shi wata uku, an ja masa kunne. Na ce, gona fa? Malam ya sake dubawa, ya ce hukunci yana nan yadda yake, don lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce tuntuni. A jikin takardar da Baba ya dangwala aka rubuta wa'adin. Ranar na yi niyyar shiga karatun manya. Yanzu ina rubutu da hannuna, ba mai kama mini yatsa.

Bara na bi ta gonar. Gyaɗa ta tsotse ta, attajirin ya sare itatuwan ya bar ta, iska ke wasa da rairayi. Ga abin da ya tafi: gona guda, gawo uku, kaka goma sha ɗaya kafin a ce mana komai, tafiya tara a kan jaki, jaki biyu, dattawa huɗu cikin biyar da ba a taɓa kira kotu ba, da Baba. Alƙali kuwa, wata uku.