Haladu Mai Rijiya da Ginshiƙi na Bakwai

Haihuwa da Tasowa

An haifi Malam Haladu a shekarar 1922 a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Mahaifinsa, Barau, mahaƙin rijiya ne, sunan mahaifiyarsa Larai. Bayan karatun allo ya gaji sana'ar mahaifinsa, a ƙasar da sai an yi gaba talatin kafin a ga danshi, inda ko ruwan alwala tara shi ake yi a ba tunkiya. A 1945 ya auri Hannatu, mutuniyar Gagarawa, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu.

Aikin Gada

A farin 1973, da rijiyoyi suka ƙafe gero ya ƙone, ya bar iyalinsa ya nufi kudu, inda wani kamfani ke gina doguwar gadar kankare a kan kogi. Shekara biyu yana haƙa ramukan ginshiƙai har bayansa ya ranƙwafe, kuma da wannan aiki kaɗai gidansa ke cin tuwo. A 1975, saboda amanarsa, aka ɗora shi kan jiƙa sabon kankare safe da yamma har mako uku, domin kada ya tsage.

To, mai hali ba ya fasa halinsa. Ga kogi yana gudu a gabansa, amma hannunsa ya ƙi kwarara ruwa, yayyafi kawai yake yi. Ginshiƙi na bakwai ya tsage, aka rushe shi, wahalar wata huɗu ta tafi a banza. Da shugaban leburori ya tuhume shi, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya zan shayar da dutse, awakina na mutuwa da ƙishi a gida?" A ranar aka sallame shi a gaban jama'a.

Ƙarshen Rayuwa

Ya koma gida a gajiye, da kunyar da ba ta sake shi ba. An buɗe gadar a 1977, direbobin Maigatari suna ta yabonta, shi kuwa bai taɓa hawanta ba.

Ya rasu a watan Safar, farkon 1979, aka binne shi a ƙauyensu. Wasiyyarsa guda ce: "In kun zo yayyafa wa kabarina ruwa, ku juye tulun duka, kada ya tsage." Haka aka yi, duk da dattawa sun kau da kai don ganin ɓarna.

Ya bar matarsa Hannatu da 'ya'ya huɗu: Ɗantala, Ya'u, Murja da Sabuwa. Allah ya jiƙansa da rahama.