'Yar Sanyi a Lambun Damagaram

Ban taɓa mantawa da safiyar da Mushe Erik ya shigo lambu da wani ƙullin ƙyalle a tafin hannunsa, yana tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai ba. A 1957 ne, ina gardi a ma'aikatar gandun daji ta Damagaram. Ku yaran yanzu ba ku tarar da tsarin ba: gardi shi ne na ƙasa, sai birgaje, sai kwantirola, can sama kuma ansifekta, wanda ba ma ganinsa sai in ya zo rangadi. Ni an ajiye ni a lambun renon itatuwa da ke bayan Birni. Aikinmu shi ne mu shuka gawo da bagaruwa da dogon yaro a cikin gwangwanaye, mu shayar da su duk rani, in damina ta faɗi a kai wa ƙauyuka su dasa.

Mushe Erik shi ne kwantirolanmu; "Mushe" kuwa kamar ka ce "Malam" ne da Faransanci. Ubansa Bafaranshe ne, amma uwarsa 'yar Norwai ce, can ƙarshen arewacin duniya, kuma a hannunta ya tashi. Dogo ne, ga Hausa a bakinsa, ko da yake ba ya raba "shi" da "ita". Idan rana ta take muka fake a gindin tsamiya, sai ya ɗauko mana labarin ƙasar uwarsa. Ya ce akwai dajin da za ka yini kana tafiya ba ka ga sararin sama ba, itatuwansa ganyensu kamar allura, ba sa kaɗewa ko ƙanƙara ta rufe su. Ƙasan dajin kuma shimfiɗe yake da gansakuka mai laushi, ƙafa na nutsewa a ciki. Wata irin barewa mai ƙaho kamar reshe tana tone ƙanƙara da kofato ta ci wannan gansakukar. In ka ƙara yin arewa, itatuwa sai su riƙa gajarta saboda iska da sanyi, har ka tarar da itacen da ya girmi kakanka amma bai kai gwiwarka ba.

Baba Kiyari, tsohon da ke ja mana ruwa a rijiya, yakan girgiza kai ya ce, "Mushe, mu dai muna jinka ne kawai."

A cikin ƙullin nan iri ne, ƙanana kamar dusa. Uwarsa ce ta tsinto su a gindin wani itace da ke ƙofar ɗakinta, mai farin ɓawo, wanda ake ɓare shi kamar takarda. Sunan ya ƙi zama a bakinmu, sai muka sa masa 'yar sanyi.

Na ce, "Mushe, za ta yi a nan kuwa?"

Ya ce, "Ba za ta yi ba, Abdu. Na sani. Ganyenta kawai nake so in gani."

Ya bayyana mini cewa irin can ba ya tsirowa sai ya sha sanyi tukuna, don kada ya fito da wuri ƙanƙara ta kashe shi. Saboda haka ya cuɗa shi da jiƙaƙƙen rairayi, ya sa a firigonsa, wato firji, mai aiki da kananzir, ya bar shi makonni. Da ɗari ya shigo muka shuka a gwangwanaye a inuwar bango, muka yi musu rumfar zana. Ikon Allah, sai ga wasu sun tsiro. Ganyen ɗan ƙarami ne, bakinsa kamar haƙoran zarto. Ranar da na farko ya buɗe, Mushe Erik ya durƙusa yana shinshina shi, ya daɗe bai ɗago ba.

Ba a yi nisa da shiga sabuwar shekara ba aka aiko masa cewa uwarsa ta rasu. A lokacin tafiya can ba abin wasa ba ce, kafin ya isa an daɗe da binne ta. Bai je ba. Muka yi masa gaisuwa irin tamu, muka zauna tare da shi a ƙofar biro, wato ofis. Daga ranar, kullum da safe wurin 'yar sanyi yake fara zuwa.

Sai bazara ta zo, kuma kun san Damagaram da ƙishirwa. Rijiyar lambu ta ja baya, guga na fitowa da laka. Ansifekta ya aiko da doka: ruwan sarwis, wato na ma'aikatarmu, na itatuwan sarwis ne kaɗai, wanda aka kama ya karkatar da ko arozuwa ɗaya, wato butar ban-ruwa, a bakin aikinsa. Dokar kuwa tana kan hanya, domin mutanen ƙauyen Gaffati suna jiran gawon nan su dasa a gonakin da rairayi ke cinyewa. Mushe Erik da kansa ya tara mu ya karanta mana, ya ce, "Daga yau kada kowa ya ba 'yar sanyi ruwan rijiya." Shi kuma ya rage wanka, yana kawo abin da ya rage masa a kwalba. Bai isa ba. Ganye ya fara lanƙwashewa.

Rannan da azahar Baba Kiyari ya ɗauki butarsa, wadda yake cikowa daga gida, ya wuce inda muka saba alwala, ya je ya tsuguna a kan gwangwanayen nan. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, ruwan na zuba a gindin tsiron. Da la'asar na bi shi, washegari birgaje ma ya biyo mu. Haka muka riƙa yi, kowa da gwangwaninsa.

Ana cikin haka ansifekta ya iso ba sanarwa. Ya zaga lambu, ya ɗaga zana, ya tarar da baƙin tsiro kore shar, ƙasarsa a jiƙe. Fuskarsa ta sauya. Ya juya ga Mushe Erik da Faransanci, ya ce shi da ya kamata ya tsare doka shi ne ya karya ta, kuma zai rubuta a mayar da shi gida, wanda ya ɗebo ruwan kuma a kore shi. Mushe Erik ya rantse bai taɓa rijiya ba, amma ya kasa faɗin inda ruwan ya fito, don ba mu taɓa gaya masa ba. Ni kam aikina nake tunani, ina da mata da ɗa na goye.

Sai aka kira salla daga cikin Birni. Baba Kiyari ya ɗauko butarsa, ya ce, "Gafara dai, ranka ya daɗe," ya ratsa tsakaninsu ya tsuguna. Na bi shi, birgaje ya biyo. Ansifekta ya tsaya yana kallonmu har muka wanke ƙafa. Ya tambaye ni daga ina ruwan butar yake, na ce daga gidajenmu. Sai ya ce, "Dokata ba ta hana salla ba." Ya hau motarsa. Mushe Erik kuwa bango ya juya wa fuska.

'Yar sanyi ba ta ga damina ba. Zafin watan Mayu ya ƙone su ɗaya bayan ɗaya, duk da alwalarmu. Da ta ƙarshe ta bushe, shi da kansa ya zazzage gwangwanin, ya shuka gawo a ciki, ya ce, "Ta yi abin da na roƙe ta." Gawon Gaffati kuwa ko ɗaya bai mutu a hannunmu ba, muka loda su a kamyo, babbar motar kaya, muka kai. Da aka samu mulkin kai a 1960 ya yi mana sallama ya tafi, ban sake jin labarinsa ba.

Na daɗe a aikin nan har na zama kwantirola kafin in yi antire, wato ritaya. Abu na farko da muke koya wa sabon ma'aikaci shi ne kowane itace da ƙasarsa, kada a ɓata ruwa a kan wanda ba zai yi ba. Gaskiya ne, ni ma haka na koyar. Amma an sha turo mini ma'aikata daga Gaya ko Agadas, in zaga bayan biro in tarar da wani ɗan tsiro na garinsu a fasasshiyar tukunya, wanda ni da su duka mun san ba zai kai baɗi ba. Ban taɓa tambayar ɗayansu inda yake samun ruwan ba. Sai dai in tambaye shi su wa ya baro a gida.