Gahawar Jidda da Kiran Inna

A lokacin da wannan abu ya faru, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Jidda, mace mai gaggawar tsiya, wadda ke ganin duk wanda ya zauna ya yi asarar ranarsa. A tsaye nake karyawa, a tafe nake amsa waya. Tun ina aiki a Birnin Kudu abokan aikina ke tsokanata wai ko addu'a aka tsawaita sai na fara duban ƙofa. Dariya nake yi, don a wurina yabo ne.

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, mutuniyar Sara ta ƙasar Gwaram, mai tsananin kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma duk saƙonta ta bakin ƙanwarta yake iso mini. Sai ga Inna ta fara kirana a waya da kanta. Wannan kaɗai ya isa ya tayar mini da hankali, amma ban yi tunanin komai ba. Za ta tambayi aiki, ta tambayi zafin garin, ta ba ni labarin gero ya yi kyau, ta yi shiru, ta sake komawa kan gaisuwa. Ni kuwa ina gama amsawa sai in ce ana jirana, zan kira ta. Sai ta ce to, Allah ya yi albarka. Haka muka yi ta yi wata da watanni.

A gidan da aka ba mu akwai wata dattijuwa Bahabashiya mai aikin shara a asibitinmu. Kullum tana gayyatata shan gahawa ina zillewa, har wata Juma'a kunya ta sa na shiga, da niyyar in kurɓa in fito. Ashe ba haka ake yi ba. A gabana ta soya 'ya'yan gahawar, ta daka, ta ɗora tulun yumɓu mai dogon wuya, ta sa turaren wuta, ta ajiye mini gugguru. Da na shanye finjalin farko na yunƙura, sai ta dafa gwiwata ta ce a garinsu ba a tashi sai an sha na uku. Na koma na zauna ina ƙunƙuni a zuci. Gaskiya daga baya na ji daɗin zaman, don rabona da in zauna ba na duban agogo har na manta.

Finjali na farko da na biyu duk hirar tsadar kaya muka yi. Sai da ta zuba na uku ta faɗa mini, muryarta ƙasa-ƙasa, cewa ɗanta ya rasu a gida tun bayan sallah, ba ta sami zuwa ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba saboda ba wanda ya zauna har ta kai nan. Na yi mata ta'aziyya. Na tuna shirun da Inna ke yi a tsakiyar gaisuwa.

A ranar na kira Inna, na yi ta amsa gaisuwa ban katse ta ba. Da ta ƙare na yi shiru, ita ma ta yi shiru. Can ta ce wai akwai wata mata a unguwarsu da wani abu ya fito mata a nono tun kafin damina, yanzu ya fashe yana ruwa, ko na san maganinsa. Na tambaye ta wane ɓangare ne. Ta ce na hagu. Na gane kanta take nufi, ba mu ƙara maganar wata mata ba.

Na sa ƙanwarta ta kai ta asibiti a Birnin Kudu, ni kuma na nemi hutu na taho. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ciwon dajin ya riga ya bazu. Ni da nake koya wa matan wata ƙasa yadda ake duba nono, ban ko iya kallon na uwata ba sai da na fita na yi kuka. Da nake wanke mata wurin na kasa daurewa, na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa mini tun farko. Ta kawar da kai ta ce, "Na ga kina sauri."

Ba ta kai kaka ba Allah ya karɓi abarsa. Na san kwana idan ya ƙare ba mai ƙara shi, amma hakan bai rage mini nauyin waɗannan watanni ba. Iyayenmu ba sa fara magana da abin da ya kawo su, doguwar gaisuwar nan hanya suke nema. Ina roƙon 'yan'uwana da ke aiki a waje, idan babba ya kira ku yana ta tambayar gajiya, ku nemi wuri ku zauna, ku bar shi ya kai ƙarshe. Na koma Jidda, duk Juma'a ina zama a sha gahawa har na uku, wayata a kan cinyata, kuma ba mai kirana daga Sara.