Tsinken da Baba Ya Yi Awo da Shi

Shekarar da na shiga aji biyu a makarantar da nake koyon zanen gine-gine a Kazaure, malaminmu ya ce duk wanda ba shi da kwamfutar kansa ba zai kai labari ba. Na koma gida Roni na faɗa wa Baba. Da ranar kasuwa ta zo sai ya kwance bijimin da ya fi wata bakwai yana turka, ya tafi da shi, ya dawo da igiya kawai. Ya kira ni ya ce, "Uwata, sau ɗaya za mu iya sayen abin nan. Wadda muka ɗauka, da ita za ki gama." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba.

Sana'ar Baba ke nan, turkar shanu. Kuma shi ba ya sayen mai ƙiba. Ramamme yake nema, mai dogon ƙashi da faɗin ƙugu, wanda ke da wurin da nama zai zauna. Sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora kafin a fara ciniki.

Mun tafi tare wani shago a Kazaure inda wani mutum yake gyaran kwamfuta, yana kuma kawo na hannu daga Kano. Ni dai tun a hanya na gama zaɓe. Akwai wata siririya mai ruwan azurfa irin ta 'yan ajinmu, mara nauyi, ita nake mafarki. Baba ya ɗauke ta, ya jijjiga ta a tafin hannu, ya ce wa mai shagon, "Malam, wannan tana girma?"

Mai shagon ya yi dariya, can kuma ya daina, don ya gane tambayar. Ya ce a'a, komai na cikinta an liƙe shi da dalma, yadda ta zo haka za ta mutu. Ya jawo wata baƙa mai kauri daga ƙasan kanta, gefenta duk ya goge. Ya ce wannan tana da gurbin memori biyu, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aiki da ita, ɗaya a cike, ɗaya babu komai, ranar da aiki ya yi mata yawa sai a ƙara. Katin girafik ɗinta ma, wato abin da ke ɗaukar nauyin zane, da noti aka ɗaure shi, ana iya cirewa a sa wanda ya fi shi. Ga ta kuma da sauƙin kuɗi.

Baba ya ce, "Buɗe mini cikinta."

Aka kwance murfin. A daidai lokacin wasu 'yan ajinmu biyu suka shigo yin gurza takarda, suka tsaya suna kallo. Baba ya sunkuya, ya zari tsinken tsintsiya daga ƙasa, ya ɗora a kan gurbin da babu komai, ya sa farce ya karya shi daidai tsawon, ya cusa a naɗin hularsa. Na ji 'yan matan nan suna ƙunshe dariya. Ni kuwa dama ba a san ni da haƙuri ba, zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Haba Baba, don Allah. Nan fa ba kasuwar shanu ba ce."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Na sani, Uwata." Ya ce wa mai shagon ya rufe, ita za mu ɗauka. A kan babur har Roni ban yi masa magana ba, kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Wannan abin yana cina har yau.

Shekara biyu ina dakon ta. 'Yan aji suka sa mata suna dutsen niƙa, in ta ɗau zafi kuwa fankarta har ta fi ta ɗakinmu ƙara. Duk hutun da na je gida sai Baba ya ce, "Yaya dabbar taki, ba ta gaji ba?" In ce lafiya lau, a gajarce, in wuce ɗaki.

Ya rasu da damina, kafin in shiga ajin ƙarshe. Kwana huɗu kawai ya yi a kwance.

Aikin kammalawata zanen wata kasuwa ce mai rumfuna da yawa, wadda sai an tayar da ita a kwamfuta an juya ta kowane gefe. Nan baƙar ta gaza. Da na juya ginin sai ta sandare, in kashe in kunna, aikin yini guda ya tafi. Malamin da ke duba ni ya ba ni mako biyu, ya ce in ban kawo ba sai baɗi. Babu wata baɗi a gidanmu, turken Baba ma an riga an cire shi. Na tafi Roni na zauna gaban Inna, mahaifiyata, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da ta fahimci cewa na'urar ce ta gaji, sai ta tashi ta buɗe akwatin Baba. Ta fito da wani ɗan ƙunshi, an naɗe shi da leda, an sake naɗewa da fata, an ɗaure da zare. Ta ce duk sun ɗauka laya ce, har Baffa, ƙanen Baba, ya ce a binne ta. Ita ta hana, don ana jibi zai rasu ya ce mata, "Na Uwata ne, ranar da ta ce dabbarta ta gaji." Ta ce a Babura ya samo, wajen wani mai kawo kaya daga Nijar, wata rana da ya kai sa kasuwa.

Na warware. Wani ɗan falle ne kore mai haƙoran zinariya a gefe, memori. An ɗaure tsinken tsintsiya a jikinsa, tsawonsu ɗaya cif.

Washegari da hantsi ina shagon nan. Mai gyaran ya gane ni, ya tambayi Baba, na faɗa masa, ya yi addu'a. Ya buɗe murfin ya gwada, ya juya ya sake gwadawa. Sannan ya nuna mini wata 'yar tsaga a tsakanin haƙoran. Tsawo ya yi daidai, amma tsagar ta kauce wa mazauninta, kaucewar ba ta fi faɗin ƙwayar dawa ba. Ya ce tsohon yayi ne, ba na irin wannan ba. Na ce ya danna. Ya ce, "Ƙanwata, in na danna, duka biyun za su karye." Wallahi har na ɗaga masa murya, mutumin da bai yi mini komai ba.

Ya bari na huce. Ya ce akwai masu tsofaffin kwamfutoci da ke neman irin wannan ido rufe. In na bar masa, zai ba ni wanda ya dace. Na ce ba zan bayar ba, na fizge, na fita na zauna a kan dakalin masallacin da ke gefe. Shi ne abu na ƙarshe da hannun Baba ya naɗe domina. Amma ina zaune ina tuna yadda yake yi da bijimansa. Zai wanke su, ya sosa musu wuya, har hira yake da su, ranar kasuwa kuma ya kwance ya tafi. Ban taɓa ganin ya riƙe ɗaya don so ba. Na koma na miƙa.

Na dacen ya shiga gurbin, na ji ya yi ƙas. Aka kunna, na buɗo kasuwata, na juya ta hagu da dama, ba ta tsaya ba. Da ita na gama, saura kwana uku wa'adin ya cika.

Amma kafin mai shagon ya mayar da murfin a ranar, na ce ya dakata. Na ɗauki tsinken daga kan kanta na ɗora a kan sabon memorin. Bai wuce ba, bai gaza ba. Mai shagon ya ce, "Ai awon Baba daidai ne." A wurin nan da na tsaya shekara biyu da suka wuce, na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Mai shagon ya sunkuyar da kai yana ɗaure noti, kamar bai ji ba.