Jan Katin Mudi Jatau

Duk sanda na zauna a rumfar mai shayi na ga yaran nan sun kafa wa talabijin ido, ana nuna wani ƙaton mutum da aka ɗan taɓa wa riga ya zube yana birgima kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, sai raina ya ɓaci in tashi. Haba! Wannan ce ƙwallo? Ni Adamu Gola na tsare raga har furfura ta fara fito mini, kuma a gabana wani mutum ya tsaya wanda har gobe in na tuna shi sai tsikar jikina ta tashi. Sunansa Mudi Jatau.

A nan Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya noman dawa, daga nan bai ƙara gaba ba. Mudi ɗan dako ne a kasuwar hatsi. Buhun dawa, buhun riɗi, daga kan lori zuwa sito, tun safe har la'asar. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya, ba ya magana sai ta kama dole. In ya tashi aiki sai ya kakkaɓe ƙaiƙayi, ya ɗaure takalmi, ya zo fili ya tsaya a baya. Shi ne kyaftin ɗin nadinmu, wato ƙungiyar unguwa. Duk tsawon shekarun da ya yi yana wasa, babu alƙalin da ya taɓa ɗaga masa kati, ko rawaya. Ba don sanyin jiki ba, wallahi. Zai zare maka ƙwallo daga ƙafa ba ka sani ba, in ka faɗi kuma shi ne zai fara miƙo maka hannu.

Wanda ya san ƙasarmu ya san halinta. Baƙar laka ce, da damina ta riƙe ƙafa kamar danƙo, da rani ta tsattsage har hannun mutum ya shige zuwa gwiwa. Don haka muke da al'ada a zamaninmu, muna ce mata nafir, gayya ke nan. Ranar wasa da hantsi ƙungiyoyin biyu za su fito da kwanduna da fartanya, a jeru kafaɗa da kafaɗa, namu ɗaya nasu ɗaya, a taka filin daga raga zuwa raga ana cike kowace tsaga ana daddannewa da diddige. In an gama a zauna a ci wake da gurasa a faranti guda. Da yamma kuma a gwabza kamar ba a san juna ba, amma ba mai neman ƙafar wani.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin sai Alhaji Kassim dillalin riɗi ya karɓi shugabancin nadi. Ya ɗebo mana 'yan wasan haya daga wasu garuruwa, yara masu gwaninta, ba na musu, amma kowa kansa ya sani. Ka ba shi ƙwallo, sai ya yanke mutum uku don a tafa masa, ɗan'uwansa na tsaye a sarari yana ɗaga hannu a banza. Da aka ce su fito nafir sai suka ce su ƙwallo suka zo yi, ba noma ba. Alhaji ya ce shi ke nan, lebura za su riƙa gyara fili. Na ga yadda Mudi ya sunkuyar da kai.

A shekarar ne muka kai wasan ƙarshe da 'yan garin Doka a filinmu. In mun ci mu hau rukuni na ɗaya, abin da unguwarmu ke jira tun muna samari. In an yi kunnen doki su ne za su hau. Kowa kuma ya san gwiwar Mudi ta gaji, wannan ce shekararsa ta ƙarshe. 'Yan Doka suna da wani siririn saurayi a gaba, Harisu, in ya sa gudu sai ka rantse ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Muka tafi hutun rabin lokaci muna da ɗaya, su ba ko ɗaya. Sai Alhaji ya ja mu 'yan baya gefe ya rage murya. Ya ce a ragar da za mu koma, cikin da'irar gola ta hannun hagu, akwai tsagar da ba a cike ba, karan dawa aka shimfiɗa aka rufe da ƙasa. 'Yan gabansa na haya sun sani, shi ya sa suka yi ta kauce wa wurin. Ya ce, "Ku buɗe wa yaron nan hanya ta can, sauran ku bar wa fili."

Jinina ya hau kai, na miƙe zan nufi alƙali. Mudi ya cafke mini wuyan hannu, ya dubi Alhaji ya ce, "Alhaji, ɗan mutane ne fa."

Alhaji ya ce, "Kai malam, ƙwallo ake yi, ba zumunci ba."

Mudi ya juyo gare ni. "Zauna, Adamu. In ka faɗa, nadin gaba ɗaya za a kora, har da yaran unguwa da ba su san komai ba. Ni zan tsaya a wurin."

Ya kuwa tsaya. Ya buɗe ƙafafu a kan tsagar nan, ƙwallo ta zo ya kore ta ya dawo. 'Yan kallo har sun fara tsokanarsa, wai tsoho ya dasa kansa yana jiran damina ya yi tsiro. Bai ko waiwaye su ba.

Dab da tashi, wani ɗan hayarmu ya tsaya burga a tsakiya aka ƙwace ƙwallo. Dole Mudi ya fita tarar wanda ya ɗauko ta, sai aka ɗaga ta ta saman kansa, ta faɗo gaban Harisu. Yaro ya sa kai ƙasa ya ɗauko gudu, kai tsaye wurin karan nan. Da gudun da yake yi, ƙafar da ta shiga ramin ba za ta fito ƙafa ba. Na ƙwala ihu, ganguna suka haɗiye muryata.

Ban taɓa ganin Mudi ya yi gudu irin na ranar ba, da gwiwar da ko tsugunawa ba ta son yi. Ya cim masa a cikin da'ira, ya zagaye ƙugunsa da hannu biyu, ya ɗaga shi sama cak, ƙafafun yaron na ta harbin iska, ya juya da shi ya dire shi a tsaye a hankali. Subhanallahi! Filin nan ya yi tsit, har kukan shirwa na ji a sama.

Alƙali ya busa, ya nuna fenareti, ya tsaya yana kallon Mudi kamar yana jiran a ce masa mafarki yake yi, sannan ya zaro jan kati. Mudi ya kwance ƙyallen kyaftin ya miƙa mini ya juya. Nan fa bakuna suka buɗe. Maci amana! An saye shi! Mutanen da ya yi wa wasa tun kafin su yi gemu, su ne suka jefe shi da ɓawon kankana.

Harisu ma zagi yake yi, an hana shi ci. Ya taka zai ɗauko ƙwallo, a hankali wannan karon, sai ƙafarsa ta burma cikin karan har ƙwauri. Ya daskare. Ya dubi ramin, ya ɗago ya bi bayan Mudi da kallo. Ni kaɗai nake kusa, na ce yau asirinmu ya tonu. Sai yaron nan ya zare ƙafa, ya durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi, ya tura ƙasa cikin tsagar da hannunsa ya danne. Haka ya rufa mana asiri.

Ya ajiye ƙwallo ya buga da gaske, na yi tsalle da gaske, ta shige. 'Yan Doka suka hau, mu muka zauna. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. Daga baya na ce wa Mudi, ai da yaron nan ya san alheri, da ya zubar da fenaretin. Ya harare ni ya ce da ya zubar da gangan, da shi da kansa zai bi shi har Doka ya mare shi, don su ma suna da unguwar da ke jira.

Alhaji ya kori Mudi daga nadi. Shekara da shekaru ana nuna shi a kasuwa ana cewa ga wanda ya sayar da wasa, shi Mudin kuma ya hana ni buɗe baki. Ya ci gaba da dakonsa har bayansa ya ƙi. Yanzu da shi da Alhajin duk ƙasa ta rufe musu ido, shi ya sa nake faɗa.

Ranar jana'izar Mudi ba mu da yawa. Muna shirin yi masa salla sai ga wani dogon mutum mai furfura ya sauko daga motar Doka, ya shiga sahu, da aka sallame ya kama kusurwar makara. Kun san yadda ake yi, kowa ya ɗan ɗauka ya ba na baya. Shi wannan ya ƙi saki. Hanyar maƙabarta ga nisa ga taɓo, aka taɓa kafaɗarsa, aka sake taɓawa, har wani dattijo ya ce, "Bawan Allah, bar wa wasu ladan mana."

Sai da ya juyo na gane Harisu, hawaye sun jiƙa masa gemu. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri ku bar ni. Ƙafafun nan da nake takawa, shi ya bar mini su."